Kafin ka kira wani a dajin Kongo ko Amazon, duba agogon garinsa

Jama'a, sallama. Masu 'yan uwa ko abokan ciniki a waɗannan wurare, ga abin da ke yawan rikita mu: mukan duba lokacin babban birni, alhali ƙasar tana da lokaci fiye da ɗaya.

Kongo ta Kinshasa lokacinta biyu ne. Kinshasa da Mbandaka agogonsu ɗaya da na Kano da Maraɗi, amma Kisangani, can tsakiyar kurmi a bakin kogin Kongo, tana gabanmu da awa 1.

A ɓangaren dajin Amazon kuwa, Barazil ce mai rikicin. Belem tana bayanmu da awa 4, Manaus da awa 5, Rio Branco ta jihar Acre kuwa awa 6 cur. Kai ka idar da azahar, mutumin Rio Branco yanzu yake karin kumallo. Tun 2019 Barazil ta daina sauya agogo da kakar shekara, saboda haka lissafin nan yana zaune daram.

Ni dai sunan garin nake sakawa a agogon wayata. Kuma da yake sabis kan yi wuya a ƙauyukan bakin kogi, gara ka tura saƙon murya ta WhatsApp ka faɗi ƙarfe nawa za ka kira, da lokacinsu.