Ɗan lambu a tsakar gida a Maradi: me ake shukawa, kuma yaushe

'Yan uwa masu cewa ƙasar gidansu ba ta karɓar shuka, wallahi yawanci lokaci ne kuke kuskurewa. Mutum ya sayo irin salati a watan Afrilu, rana na sama da digiri 40, ya shuka, ya ƙone, sai ya ce ai hannunshi ne ba kyau.

Ku fara shiri da kaka, wajen Oktoba in ruwa ya ɗauke. Ƙasarmu ta cikin gari jigawa ce, rairayi ne zalla, ba kamar fadamar Gulbi ba, ruwa na zuba yake wucewa, don haka taki shi ne komai. Kashin awaki ko na shanu amma wanda ya ruɓe sosai, ɗanye yana ƙona saiwa kuma yana jawo gara. A gauraya da ƙasa, a ɗan barbaɗa toka, a yi fangali mai ɗan zurfi yadda ruwa zai tsaya ciki, a yi ta ba shi ruwa kamar sati ɗaya kafin a sa iri.

Lokacin ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, nan ne harkar take. Salati, shu (wato kabeji), tumatir, karoti, albasa, duk yanzu suke so, ku dubi masu lambun Jiratawa, nan kusa da Maradi, a wannan lokacin ne suka fi cika kasuwa da kaya. Tumatir da shu da albasa sai an yi musu reno tukuna a ɗan wuri mai inuwa, tumatir in ya yi sati uku zuwa huɗu a dasa shi da marece, albasa ta fi daɗewa, kuma in za ku sayi irin albasa ku nemi 'yar Galmi, ta san ƙasar nan. Karoti kuwa ba a dasa shi, inda aka shuka nan zai zauna, sai dai a rage in ya yi cunkoso. Ban ruwa safe da marece, a hankali, kar a kwara da bokiti ya tone iri. In tsutsa ta kama shu, ku daka 'ya'yan bedi (dogon yaro) ku jiƙa su kwana, a tace, a sa ɗan sabulu a fesa bayan la'asar. Ni dai ba na son maganin kasuwa a kan abin da yara za su ci ɗanye.

Bazara ba ta sabon shuka ba ce, a ceci abin da ke akwai kawai. A rufe gindin itace da kara ko busasshiyar ciyawa, ruwan alwala da na wankin shinkafa kar a zubar.

Damina, daga Yuni, sai kuɓewa da yakuwa da rama a bakin katanga, ba su da wahala. Kuma lokacin dashen itace ke nan, Yuli ya fi, in ƙasa ta jiƙa sosai: mangwaro, lemun tsami, gwaba, a nisanta su da gini da shadda. Zogala ma dai kowane gida ya kamata a ce akwai ta, da ta kai ƙugun mutum a datse kanta ta yi rassa, in ba haka ba sai ta miƙe sama ganye ya fi ƙarfin hannu. Kuma don Allah ku kewaye dashen da ƙaya ko waya ran da kuka dasa, akuya ba ta jiran gobe.