Yadda za a gwada kusurwar jifa da bido da tiyo

Gwajin nan yana nuna wa ɗalibai yadda kusurwar jifa ke canza nisa da tsawon da abin da aka jefa ke kaiwa. Ruwa yana da tsada a Damagaram, don haka ku yi shi a gindin shuka, kuma da sassafe kafin iska ta taso.

Da farko ku cika bido, ku ɗora shi kan tebur, ku zura tiyo siriri ku jawo ruwa. Bakin tiyon ya zauna a ƙasa, kada ya gusa daga wurinsa. Ɗalibi ɗaya ya riƙa ƙara ruwa don bidon ya zauna a cike. Wannan ne aka fi sakaci da shi: in ruwa ya ragu gudunsa ya ragu, awo ya lalace.

Sai ku kafa kwali a gefe, ku zana digiri 15, 30, 45, 60 da 75 da ma'aunin kusurwa. Ku daidaita bakin tiyo da kowane layi, ku sa tsakuwa inda ruwan ya sauka, ku auna nisa da tsawon da ya kai sama.

A 45 ruwan zai fi nisa, tsawonsa kuwa kusan rubu'in nisan. Abin da ke burge yara shi ne 30 da 60: wuri ɗaya suke sauka, amma na 60 ya ninka na 30 sau uku a tashi sama. Haka 15 da 75 ma tare suke sauka. Galileo, masanin kimiyya ɗan Italiya, ya bayyana wannan tun 1638.

In kun ga ɗan bambanci, iska ce ke tare ɗigon ruwan. Ku maimaita kowace kusurwa, ku ɗauki matsakaicin awo.