Kalmomin sauyin yanayi: kurakuran da aka fi yi da yadda za a gyara su

Na gaji da ganin ƙwararrun mutane, akantoci da injiniyoyi da manajoji, suna sa hannu a kan rahoton hayaƙin kamfaninsu ba tare da sun tambayi ma'aunin da aka yi amfani da shi ba. Mutumin da ba zai taɓa yarda a tara masa kilo da lita a layi ɗaya ba, shi ne zai bari a cakuɗa masa tan na kabon da tan na CO2, wato iskar kabon dayoksaid, ya wuce.

To, mu fara da wannan, domin shi ya fi yin ɓarna. Tan ɗaya na kabon ba tan ɗaya na CO2 ba ne. Idan kabon ya ƙone yana haɗuwa da iskar oksijin, nauyinsa ya tashi daga 12 zuwa 44, wato tan ɗaya na kabon yana ba da kusan tan 3.67 na CO2. Wanda ya kwafo adadi daga rahoton da ya ƙirga kabon ya ajiye shi kusa da na CO2, lissafinsa ya karkace kusan ninki huɗu, kuma ba wanda zai lura sai mai bincike ya zo. Sai ga CO2e, mai ƙaramin harafi a ƙarshe. Wannan harafin yana nufin an juya sauran iskoki, irin su metan da shanu ke fitarwa, zuwa kwatankwacin CO2. A cikin shekara 100, tan ɗaya na metan yana ɗumama duniya kamar tan 28 na CO2, amma idan aka auna da shekara 20, ya kai kusan 80. Gona ɗaya, shanu iri ɗaya, adadi biyu mabambanta, kuma dukkansu gaskiya ne. Ni dai ba na karɓar kowane tebur sai an rubuta abu biyu a kansa: wace iska aka ƙirga, kuma shekara nawa aka ɗauka wajen juyawa.

Na biyu shi ne maganar "mun rage hayaƙi da kashi 20". Daga wace shekara? Jimillar hayaƙin ce ta ragu, ko hayaƙin kowane kaya guda? A ce masana'anta tana fitar da tan 100,000. Ta rage hayaƙin kowane kaya da kashi 20, amma ta ninka abin da take ƙerawa. Hayaƙinta yanzu tan 160,000 ne. Ya ƙaru, ga shi kuma ana ta tafi a ɗakin taro. Haba jama'a! Lissafin firamare ne fa. Sararin sama bai san kaso ba, jimilla yake tarawa. Kuma a duba shekarar da aka ɗauka a matsayin mafari, don wasu da gangan suke zaɓar shekarar da hayaƙinsu ya fi yawa.

Ana kasa hayaƙin kamfani rukuni uku, a nan ne kuma ake ɓoye rukuni na 3. Rukuni na 1, wanda rahotanni ke kira sikof 1, shi ne abin da kuka ƙona da kanku: man motocinku da na janareta. Na 2 shi ne wutar lantarkin da kuka saya. Na 3 kuwa ya haɗa masu kawo muku kaya, tafiye-tafiyen aiki, da yadda mai saye ke amfani da kayanku, an kasa shi kashi 15. A kamfanoni da yawa shi ne mafi girma. Rahoton da ya yi shiru a kansa ya nuna maka wutsiya ne ya ɓoye raƙumin.

"Net ziro" ba ya nufin an daina fitar da hayaƙi. Yana nufin an rage shi ƙasa sosai, ɗan abin da ya saura kuma an janye kwatankwacinsa daga sama. Sayen takardar shaidar dasa itatuwa alhali bututunka na hayaƙi yadda yake, wannan ba net ziro ba ne, ko me aka rubuta a bangon rahoto.

Sauran ƙanana ne. Digiri 1.5 na Yarjejeniyar Paris ta 2015, wato iyakar ƙarin zafin da ake so kada duniya ta wuce, ana auna shi ne da matsakaicin zafin duniya na 1850 zuwa 1900, kuma a tsawon shekaru, don haka duk da 2024 ta haura shi, shekara ɗaya ba ta isa a ce an karya iyakar ba, sai dai gargaɗi ne mai ƙarfi. Kalmar yanayi a Hausa tana ɗaukar na yau da na dogon zamani, sai a fayyace, domin masana da shekara 30 suke auna na dogon zamani. Rage hayaƙi daban, shirin jure wa ambaliya da fari daban, kada a zuba kuɗinsu a layi ɗaya na kasafi. Ramin ozon wata matsala ce ta daban, Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ce ke kula da ita.

Idan kuma za ka fassara rahoton IPCC, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, ka yi hattara da kalmomin yiwuwa, domin kowacce da adadinta. Wadda ake mayarwa "mai yiwuwa" tana nufin kashi 66 zuwa sama, ta gaba da ita kashi 90, ta ƙarshe kashi 99. Ni adadin nake rubutawa a gefen jimlar, don kada mai karatu ya ɗauka "wataƙila" ake nufi.