Yadda mazaunin Maraɗi zai zaɓi ƙasar maƙwabta don tafiyarsa ta farko da kuɗi kaɗan

Nijar tana iyaka da ƙasashe 7, wato Najeriya, Benin, Burkina Faso, Mali, Aljeriya, Libiya da Cadi, amma ga wanda zai tashi daga Maraɗi da guzuri mai iyaka, ba dukansu ne ke shiga lissafi ba. Matakin farko shi ne a cire waɗanda nisa ko halin hanya ya riga ya fitar. Aljeriya tana neman biza, kuma kafin a kai Asamaka sai an ratsa Agadas da Arlit. Libiya ba wurin yawon buɗe ido ba ce a wannan zamani. Cadi tana can bayan Difa da Gigimi, ga shi kuma sefar da ake kashewa a can ta Afirka ta Tsakiya ce, wadda darajarta ɗaya da tamu amma takardun kuɗin sun bambanta. Mali da Burkina Faso suna cikin ƙawancen ƙasashen Sahel (AES) tare da Nijar, kuɗinmu ɗaya, sai dai hanyoyin motar da suka bi ta yankin Tilaberi sun daɗe suna fama da rashin tsaro, jirgin sama kuwa ya fi ƙarfin aljihun da muke magana a kansa. Idan aka yi wannan tankaɗe, Najeriya da Benin ne suka rage.

Mataki na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne muhimmanci, shi ne a ƙirga kwanakin da hanya za ta ci kafin a dubi kuɗin mota. Mutane da yawa suna tambayar farashin tikiti a tasha su tsaya a nan, alhali abin da ke cinye guzuri shi ne abincin hanya, da masauki, da ƙananan motocin da ake shiga bayan an sauka. Daga Maraɗi zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya bai kai kilomita 100 ba, saboda haka wanda ya fita da safe zai iya yin sallar azahar a birnin Katsina, idan ya zarce kuma ya kwana a Kano. Tafiyar Kwatano da ke gaɓar tekun Benin daban ce: sai an bi ta Ƙonni da Dogon Dutsi zuwa Doso, a gangara Gaya, a ƙetare kogin Kwara zuwa Malanbil, sannan a fuskanci fiye da kilomita 700 ta Parakou kafin a ga teku. Zuwa da dawowa kaɗai za su ci kwanaki da dama waɗanda ba a ga komai a cikinsu ba sai kwalta. Ka rubuta ƙasashen biyu a takarda, ƙarƙashin kowace ka sa kuɗin mota zuwa da dawowa, da yawan dararen da za ka kwana a waje, da abincin kowace rana, sannan ka ƙara kashi ɗaya cikin biyar na jimillar domin abin da ba a zata ba.

Na uku shi ne batun canji. Benin tana cikin ƙasashen da ke amfani da sefa ta Afirka ta Yamma, don haka jikar da ka fita da ita daga Maraɗi jika ce a kasuwar Dantokpa ta Kwatano, babu ɗan canjin da zai ci riba a kanka. A Najeriya kuwa sai ka sayi naira, kuma farashinta yana motsi. Ka tambayi 'yan canji biyu ko uku a cikin gari kafin ranar tafiya, ka canza abin da zai ishe ka kwana biyu na farko, sauran ka riƙe shi a sefa, domin idan ka canza duka ka dawo da ragowa, sau biyu ke nan ka biya ladan canji. Ka kuma nemi ƙananan takardun naira, saboda mai Keke Napep a Kano ba kasafai yake da canjin babbar takarda da sassafe ba.

Na huɗu, takardu. Nijar ta fita daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma (CEDEAO) a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, kuma a lokacin ƙungiyar ta sanar cewa 'yan ƙasashen da suka fita za su ci gaba da shiga ƙasashenta ba tare da biza ba har sai an yi wani sabon tsari. Tun da yake irin wannan doka tana iya sauyawa, kada ka dogara da labarin wanda ya yi tafiya bara. Ka je ofishin 'yan sanda ka tambaya, ka kuma ji ta bakin direbobin da ke bin hanyar a makon da za ka tashi. Wannan ya fi shafar mai son zuwa Benin, domin an rufe gadar Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin Yulin 2023, mutane suka koma ƙetarewa da kwalekwale, abin da ke ƙara kuɗi da haɗari ga baƙon hanya. Iyakar Najeriya kuwa an sake buɗe ta a watan Maris na 2024. Ko ina za ka, ka riƙe katin ɗan ƙasa wanda wa'adinsa bai ƙare ba, da fasfo idan kana da shi, da katin rigakafin cutar shawara. Allurar tana fara aiki ne kwana 10 bayan an yi ta, kuma tun 2016 katinta na tsawon rai ne.

Na biyar, ka tambayi kanka abin da kake son gani. Wanda burinsa teku ne, da garin Ganbiye da aka gina a kan ruwa, da tarihin cinikin bayi a Wida, Benin ce tasa, sai ya jira har guzurinsa ya cika kuma hanyar Gaya ta daidaita. Wanda yake son ya koyi ƙetare iyaka da sarrafa kuɗin wata ƙasa ba tare da ya sha wuyar harshe ba, shawarata ita ce Katsina da Kano. Ga Bamaraɗe ma ziyarar tana da wata ma'ana, tun da sarakunan Katsina da jihadi ya kora ne suka kafa sarautar Maraɗi. Hasumiyar Gobarau, da rijiyar Kusugu a Daura, da marinar Ƙofar Mata, da Gidan Makama, da kasuwar Kurmi sun isa cika kwana huɗu, kuma da wuya a rasa ɗan uwa ko abokin ciniki da zai ba da masauki, wanda shi kaɗai yana iya rage kuɗin tafiyar sosai.

Idan zaɓin ya faɗa kan Najeriya, ka shiga motar farko ta safe, kada dare ya same ka tsakanin Ɗan Isa da Katsina, domin yankin Jibiya ya sha fama da 'yan bindiga. Ka raba kuɗinka gida biyu, ka ɗauki hoton takardunka a waya, ka bar wa wani a gida lambar wanda zai sauke ka da ranar da kake sa ran dawowa.