Kurakuran da aka fi yi wajen sa wa mota faffaɗan rim, da yadda ake gyara su

Mota takan fito daga Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi a Ghana, da rim masu ƙyalli, kafin ta kai Tafo ta fara kuka duk lokacin da aka karya sitiyari, ko kuma in an ɗauki mutum uku a baya aka hau tudun rage gudu a ji taya tana kartar fenda. Sau da yawa rim ɗin lafiyarsa ƙalau, faɗinsa ma bai yi yawa ba. Da ido aka saye shi. Mai saye ya tambayi inci nawa ne, rami nawa gare shi, aka ce masa 17 ne, rami biyar, ya biya. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A sha'anin rim bai sani ba, domin milimita 10 kacal ce tsakanin tayar da ke juyawa lafiya da wadda ke cin fenda.

Duba faɗi a manta da ofset

Wannan shi ne babban kuskure, kuma yawancin sauran daga gare shi suke tasowa. Juya rim ka duba bayansa, za ka ga rubutu kamar 7.5Jx17 ET40. Lamba ta farko faɗin rim ne da inci, ta biyu girmansa, ET kuma ofset ne: nisan da ke tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskar da ke zama a kan hob, wato ƙarfen da ake ɗaura rim a jikinsa, da milimita. In lambar ET ta ragu, taya tana fitowa waje wajen leɓen fenda. In ta ƙaru, taya tana shigewa ciki wajen shokozoba.

Lissafin ba wuya. A ce na asali 6.5J ET45 ne, kana son 8J ET35. Ƙarin faɗi inci 1.5 ne, wato milimita 38, rabi waje rabi ciki, 19 kowane gefe. Ofset ya ragu da 10, saboda haka duk rim ɗin ya matso waje da 10. A waje ke nan an samu 19 da 10, milimita 29. A ciki an samu 19 ban da 10, milimita 9. Ƙananan motoci da yawa ba su da sararin 29 a waje, musamman a baya. Da 7.5J ET40 ka ɗauka, waje 18 ne, ciki 8, kuma wannan yakan zauna ba tare da an taɓa bodi ba. Da kuma 8J ɗin ET45 ne, waje ya yi sauƙi amma milimita 19 ta shiga ciki, inda wata motar ko ɗan yatsa ba ya wucewa tsakanin taya da shokozoba.

Lissafin takarda bai isa ba sai an haɗa shi da awon mota. Tana tsaye a ƙasa da tayoyinta na asali, auna ratar da ke tsakanin cikin taya da shokozoba, sannan ka sako zare mai nauyi daga leɓen fenda ka auna nisansa da gefen taya. Daga jikin taya ake awo, ba daga rim ba, domin gefen taya ya fi rim fitowa. Bayan an cire ƙarin da lissafi ya bayar, kada abin da ya rage ta ciki ya gaza milimita 5, ta waje kuma kada taya ta wuce zaren.

Rim na hannu da yawa fenti ya rufe lambarsu. Kifa shi a ƙasa ba taya, ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a bakinsa na baya, auna daga ƙarfen zuwa fuskar da ke zama a hob, ka cire rabin faɗinsa daga baki zuwa baki. In faɗin 216 ne, rabi 108, awon ya ba ka 148, to ET40 ne.

Wasu suna son taya ta leƙo waje don mota ta yi kwarjini. Kuɗin kwarjinin boris ne ke biya, don nauyi ya bar kansa ya koma gefe. Sitiyari kuma yakan fara fizga in taya ɗaya ta faɗa rami ko aka taka burki a hanya marar daidai, ga taɓo da tsakuwa da ke feshe ƙofa da damina. Motar yau da kullum, a tsaya kusa da ofset na asali, kada a yi nisan da ya wuce milimita 10.

Ƙara faɗin taya a bar lambar tsakiya yadda take

A 205/55R16, lambar 55 ba milimita ba ce, kaso ne: tsayin gefen taya kashi 55 cikin 100 na faɗinta. Don haka in faɗi ya ƙaru lambar ba ta ragu ba, taya ta ƙara tsayi. Tsayin 205/55R16 gaba ɗaya milimita 632 ne. 225/45R17 tana da 634, kusan ɗaya suke. Amma 225/55R17 tana da 679, ƙarin 47, wato kusan milimita 24 ta sama da ta gaba da ta baya. Ita ce ke yage robar cikin fenda in an karya sitiyari, ta taɓa faifan da sifirin ke zaune a kai. Agogon gudu zai nuna 80 alhali motar tana kan 86, kuma za ta yi nauyin tashi. Abin da aka saba bi shi ne kada tsayin sabuwa ya bambanta da na asali fiye da kashi 3 cikin 100. Abin da ke jawo kuskuren nan a fili yake: mai taya yana sayar da abin da ke shagonsa ne, ya ce ai duk 17 ne.

Akwai kishiyar wannan, a ja siririyar taya a kan rim mai faɗi. 205/55R16 tana zama a rim inci 5.5 zuwa 7.5, 225/45R17 kuma 7 zuwa 8.5. In aka tilasta wa 205 hawa rim inci 9, bakin rim ya rage a waje ba kariya, bakin kwata zai ci shi, kuma bugu ɗaya mai ƙarfi na iya ɓalle taya daga mazauninta iska ta fice lokaci guda.

Sai a yi la'akari da hanyar da motar ke bi. Gefen 195/65R15 milimita 127 ne, na 205/55R16 113, na 225/45R17 101, na 225/40R18 kuwa 90. Wannan naman shi ke shanye rami kafin ya kai ga rim. Motar da ke shiga lungunan Aboabo da Asawase, ko take bin hanyar Techiman zuwa Tamale da dare, inci 18 mai gefen 40 asara ce: taya ta yi ƙullutu, rim ya lanƙwashe. Ga Corolla ko Elantra, 17 ce iyaka, 16 ta fi hankali. A duba lambar nauyi ma, kada ta gaza ta asali: 91 tana ɗaukar kilo 615, 87 kuwa 545. In ta hannu ce, lambobi huɗu na ƙarshen rubutun da ya fara da DOT a gefen taya su ne mako da shekarar ƙira, 2321 na nufin mako na 23 a 2021, kuma dokar hanya ta Ghana ta 2012, L.I. 2180, ta hana tayar da ta wuce shekara 4.

Rami biyar ba duka ɗaya ba ne

Corolla ta Amurka 5x100 ce, wato rami 5 a kan da'ira mai faɗin milimita 100. Camry, Accord, Elantra da Altima 5x114.3. Benz da yawancin Volkswagen na yanzu 5x112. Tsakanin 112 da 114.3 bambancin ƙanƙane ne har rim yakan shiga, nan haɗarin yake: kowane noti yana zama a karkace, yana lanƙwasa bol a hankali har ya karye. Rim ɗin da aka faɗaɗa ramukansa da dirila a bar shi, komai araharsa.

Ramin tsakiya ma ya bambanta. Na Corolla milimita 54.1 ne, Camry 60.1, Honda 64.1, Nissan 66.1, Hyundai da Kia masu rami biyar 67.1. Rim ɗin Camry ba ya hawa Elantra ko da bol sun yi daidai, zai tokare bai kai fuskar hob ba, kuma wanda ya matse shi a haka ya ɗaura taya a iska. Rim ɗin Hyundai kuwa yana hawa Camry amma da rata, sai sitiyari ya riƙa rawa in gudu yana tsakanin 80 da 110, a yi ta zaryar balansin a banza. Maganinsa zoben cike rata, na roba ko alminiyom, 67.1 ta waje 60.1 ta ciki. Masu injin yankan ƙarfe a Magazine suna yankawa, amma a kai musu rim ɗin su auna, kada su yi da ka.

Noti kuma kowanne da mazauninsa. Na rim ɗin alminiyom na Toyota shimfiɗaɗɗe ne mai wasa (zoben ƙarfen da ke ƙarƙashin noti), na Honda mai kumburi ne kamar rabin ƙwallo, yawancin rim na kasuwa kuwa mai tsini suke so. In ba su dace ba noti yana taɓa rim a siririn layi ne kawai, ya ci alminiyom ɗin ya kwance. Haƙoran bol na Toyota, Honda da Hyundai M12x1.5 ne, na Nissan M12x1.25, ba sa shiga juna sai da ɓarna.

Burki

Girman rim bai tabbatar da cewa ya wuce burki ba, siffar ƙafafunsa ce ke yanke hukunci. Ɗora rim ba taya, ɗaura noti biyu da hannu, juya shi kana leƙawa da tocila. A samu aƙalla milimita 3 tsakaninsa da ƙarfen da ke matse faifan burki. A gaya wa mai balansin ya manna dalmarsa inda ba za ta gogi wurin ba. Goge ƙarfen burki da giranda don rim ya wuce ba gyara ba ne.

Sifesa

Jera wasa a kan bol don turo taya waje ganganci ne, domin fuskar rim ta daina zama a kan hob, nauyin mota duka ya koma kan bol. Sifesar gaske faifai ce mai ramukan motar daidai da ramin tsakiya daidai. Siririya mai milimita 3 zuwa 5 tana iya zama da bol na asali in noti yana samun haƙora isassu: bol M12x1.5 yana son juyi 8 cikakku. Ƙirga da hannu, in bai kai ba a sa dogayen bol. Daga milimita 8 zuwa sama, sifesa tana haɗiye leɓen hob, dole ta zo da nata leɓen. Mai kauri 20 ko 25 da ake ɗaurewa a hob da nata noti, a tabbata kan tsofaffin bol bai leƙo ya tokare bayan rim ba. Kuma sifesa tana rage ofset ne, milimita 5 a kan ET45 ta mai da shi ET40. Tana magance gogar ciki kawai. In fenda taya ke ci, ƙara lalata abin take yi.

Gwaji a kan jak

Mota a kan jak ƙafafunta a sake suke, kowane rim zai wuce. Gwajin gaske sai a ƙasa, kuma kafin a biya kuɗi. Ka ce wa mai shago: "Masta, a ɗaura ɗaya gaba ɗaya baya mu gani tukun." Wanda ya yarda da kayansa ba ya ƙi. Karya sitiyari ƙarshe hagu, ƙarshe dama, a gaba da kuma a ribas, don taya takan ɗan matsa in an canza alkibla. Shafa alli a kafaɗar taya ciki da waje, sa mutum uku a baya da kaya a but, hau tudu a karkace yadda ƙafa ɗaya za ta nitse. Inda farin alli ya koma, nan take taɓawa. A leƙa tiyon burki da wayar ABS musamman, gogar su ta fi ta fenda haɗari kuma ba ta yin ƙara.

In robar cikin fenda ce kawai, a ɗumama ta a tura ta baya, ko a yanke ɗan wurin a mayar da maɓallanta. Cire ta gaba ɗaya yana buɗe wa ruwa hanya zuwa wayoyi da bayan fitila. In leɓen fenda ne da milimita 3 ko 4, mai bodi zai ɗumama fenti ya naɗe leɓen ciki a hankali. Da guduma a sanyi fenti yana tsagewa, tsatsa ta shiga. Abin da ya wuce haka ba aikin mai bodi ba ne, rim ɗin ne bai dace ba. Kafin a zargi rim ma a duba shokozoba da sifirin na baya, motar da ta riga ta zauna ko da tayar asali dab take da gogawa.

Ɗaga mota, da aka saba yi a nan saboda ramuka, yana ƙara sarari ta sama ne kawai. Ratar da ke tsakanin taya da shokozoba tana nan yadda take, haka ma faifan sifirin da ke saman taya, don tare suke tafiya. In an ɗaga kuma dole a sake alaimen.

Wajen ɗauri, a kankare tsatsar fuskar hob, a fara kowane noti da hannu, a bi su a tsallake, a ƙarasa da sifana mai awo: Corolla 103 Nm, yawancin ƙananan Honda 108. Bindigar iska da hawa kan sifana da ƙafa suna miƙar da bol. A sake dubawa bayan kilomita 50 zuwa 100. Yawancin motocin Amurka daga 2008 suna da na'urar awon iska a jikin bawul, a mayar da ita sabon rim in ba haka ba fitilarta ba za ta mutu ba. RAV4 da CR-V masu jan ƙafa huɗu suna son tayoyi huɗu masu tsayi ɗaya, ba a yi musu manya a baya. Tsofaffin noti kuma a ajiye saiti ɗaya a but kusa da safaya, tare da soket ɗin da ke shiga ramukan sabon rim, domin sifanar da ta zo da mota sau da yawa kaurinta ba ya shiga.