Yadda Ake Jego Bayan Haihuwa Ta Tiyata

Macen da aka yi wa aiki aka ciro jariri tana da nauyi biyu a kanta: ga jego, ga jinyar yanka. Likita ya ratsa fatar ciki har ya kai ga mahaifa, sannan ya ɗinke hawa-hawa. Fatar waje kan haɗe cikin mako biyu, amma na ciki sai ya ɗauki mako shida ko fiye, kusan arba'in ɗin da muka saba ke nan.

Tun kina gadon asibiti za ki fara. Akan cire robar fitsari bayan awa 12 zuwa 24, kuma da an cire nas za ta ce ki tashi ki taka. Ki daure ki tashi ko da taku biyar ne, domin doguwar kwanciya na sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, tafiyar kuma tana tayar da hanji iska ta fita. Kada ki miƙe kai tsaye daga rigingine. Ki juya gefe, ki sauko da ƙafafu, ki dafa hannu ki ɗago. In tari ko atishawa ta zo, ki danna filo a kan ɗinkin. Ki sa wa jariri nono da zarar kin iya riƙe shi, ya sha dakashi. Shayarwa a kwance ta gefe ta fi sauƙi, don ba ya danne miki ciki.

Yawanci ana sallama bayan kwana uku ko huɗu. Kafin ki fito ki tambaya ko zaren mai narkewa ne ko sai an cire, da ranar da za ki dawo. Farasitamol da ibuprofen ba sa hana shayarwa, ki sha su yadda aka rubuta miki, kada ki jira sai ciwo ya kai ki maƙura. Maganin ƙarin jini ma kada ki ajiye shi don kin ji ƙarfi.

A gida ne maganar take da tsawo, don nan za ki tarar da Inna ko Gwaggo ta ɗora tukunya a wuta. Da kyakkyawar niyya suke yi, amma tafasasshen ruwa da fyaɗa ganye a ciki ba na mai ɗinki ba ne: yana iya ƙona wurin, ya jiƙa shi, ya buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta. Ruwan ɗumi da sabulu sun isa. Ki bar ruwan ya gangara ta kan ɗinkin ba tare da cuɗawa ba, ki tsane shi da tsumma mai tsabta, musamman in fatar ciki tana rufe wurin. Ban da shafa man shanu, toka ko wani garin magani. Ban da tamke ciki da zane a kan yankan. Kunun kanwa ma a sassauta masa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kanwa da tsananin zafin wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. In kina jin nauyin faɗa wa manya, ki sa maigida ko wata yayarki ta roƙi nas ta yi musu bayani da bakinta. Sun fi jin ta asibiti.

Har ki yi arba'in, kada ki ɗauki abin da ya fi jaririnki nauyi. Daka, surfe, jan ruwa a rijiya da ɗaukar bokiti duk a bar wa wasu. Ranar suna ki zauna a gaishe ki, ba dole sai kin yi ta rakiyar baƙi ba. Ki ci ƙwai, kifi, nama, wake da hanta don ciwo ya haɗe, ki haɗa da zogale, alayyahu, gwanda da ruwa mai yawa don bayan gida ya yi laushi, saboda yunƙuri yana jan ɗinki.

Akwai alamomin da ba a kwana da su. Zazzaɓi, musamman in ya kai 38 a ma'auni. Ɗinki ya yi ja, ya kumbura, ya buɗe ko yana fitar da mugunya. Jinin biki ya yi wari, ko ya jiƙa audugar mata cikin awa ɗaya. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, numfashi yana sarƙewa, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi. Ko ɗaya kika gani, a kai ki asibiti a take, ko da tsakar dare ne. Haka nan in baƙin ciki da kuka sun wuce mako biyu ba su sake ki ba, ki faɗa wa likita.

A mako na shida ki koma a duba ki, a nan kuma za ku yi maganar tazarar haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar a jira shekara biyu kafin wani cikin, kuma mai tabo a mahaifa ta fi kowa buƙatar hakan. In wani cikin ya samu, ki faɗa musu tun ranar farko ta awo cewa an taɓa yi miki aiki. Mata da yawa na haihuwa da kansu bayan tiyata, amma a asibitin da ke da ɗakin tiyata ake gwada hakan, ba a gida ba.