Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen iskar dako a na'urar kuromatogirafi

A kuromatogirafin gas, wato hanyar rarrabe sinadaran da ke cikin samfur, iskar dako ita ce ke ɗaukar samfur ta ratsa da shi cikin siririn bututun da ake kira kolom har ya isa na'urar ganowa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zaɓi wannan iska saboda araha ko sabo, alhali na'urar ganowa ce ya kamata a fara dubawa. Na'urar ganowa da ake kira TCD tana auna bambancin yadda iska ke ɗaukar zafi, shi ya sa hiliyam ko haidurojin, da suka sha bamban da sauran iska wajen ɗaukar zafi, suka fi dacewa da ita. Amma idan haidurojin ɗin ne ake nema a cikin samfur, sai a koma ga naiturojin ko agon, domin hiliyam ya yi kusa da shi ƙwarai wajen ɗaukar zafi, har alamar haidurojin ɗin kan fito a karkace.

Tsadar hiliyam, wanda ƙasashe kaɗan irin su Amurka da Katar da Aljeriya ke samarwa, ta sa ɗakunan gwaji da dama canza iska, sai dai wasu kan canza tukunyar gas su bar saitin gudu yadda yake. Lissafin Van Deemter na 1956 ya nuna cewa kowace iska tana da gudun da ta fi rarrabe sinadarai a kansa. Naiturojin yana so a tafi da shi sannu, wajen santimita 12 a daƙiƙa, kuma da zarar an matsa masa sai sinadaran su fito a cuɗe, yayin da haidurojin ke aiki lafiya a wajen santimita 40. Gyaran shi ne a shigar da sunan sabuwar iskar a na'ura, a sake saita gudu, sannan a sake tantance lokacin fitowar kowane sinadari.

Haidurojin yana kama wuta idan ya kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki, don haka sakaci ne babba a kunna shi ba tare da na'urar gano yoyo a cikin tandar da ke dumama kolom ba. Yana kuma iya haɗuwa da sinadarin daikuloromitan, wanda ake narkar da samfur a cikinsa, a mashigar samfur mai zafi ya haifar da asid.

Sai batun tsafta, wanda a ganina an fi raina shi. Ana sayen iska mai tsaftar kashi 99.999, sannan a ja ta da tiyon roba, wanda oksijin da danshi ke ratsawa su cinye rufin cikin kolom idan ya yi zafi. Bututun tagulla ko na baƙin ƙarfe marar tsatsa ake sawa, na biyun kuwa ya fi dacewa da haidurojin, a jera matatai kafin na'ura: na danshi, na turirin mai, sannan na oksijin. Ruwan sabulu da ake shafa wa mahaɗa don neman yoyo yakan zurara ciki ya gurɓata layin, kuma tukunyar gas a canza ta tun kafin ta ƙare ƙarƙaf.